Rabin Wasiƙar Malam Gwadabe

In ka shiga Rano ka tambayi Halliru mai gyaran waya, za a nuna maka wata rumfa kusa da tasha, da wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya duƙufa kan tebur da tabarau a ƙarshen hanci. Yaran yanzu iyakar abin da suka sani a kansa ke nan. Mu kuwa da muka girme su mun ga lokacin da wasiƙar mutanen Rano da Kibiya ba ta ƙetare iyakar ƙasa sai ta bi ta hannunsa. To ku gyara zama, labarin da ɗan tsawo, kuma ba na dariya ba ne, ko da yake akwai wurin da za ku murmusa.

A Saji aka haife shi, ɗan manomi ne. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Sau uku yana kwance rediyon babansa, sau biyu ta tashi, na ukun kuwa ya sha bulala. Ya yi makarantar koyon sana'a, daga nan ya faɗa birnin Kano, wani shagon kwamfuta, shekara shida yana ɗaura waya yana kwance ƙusa. A can ya koyi Linux, tsarin nan da ake ɗora wa kwamfuta, wanda ko tsohuwar da aka jefar za ta iya ɗauka. Ba shi da malami. Bayanin da ke cikin injin yake karantawa da ƙamus a cinya, inda ya gane ya riƙe, inda ya gagare shi ya tsallake.

A shekarar 2004 ya dawo gida da tsofaffin injuna biyar a bayan a-kori-kura, ya kama shago a Rano. Lokacin 'ya'yan mutane sun watsu, wasu Jidda, wasu Kwatano, wasu Sudan, kiran ƙasar waje kuwa ba na kowa ba ne. Sai Halliru ya ce a kawo wasiƙa, shi zai tura ta imel, in amsa ta zo ya buga a takarda.

Yadda ya tsara abin shi ne abin alfaharinsa. Injuna huɗu na akawu ne, allo da madannai kawai, aikin duka a cikin ta biyar ake yi, wadda yake kira uwa. Layin intanet ɗin na zuwa yana ɗaukewa yadda ya ga dama, don haka ba a tura wasiƙa nan take, tara su ake yi sai layi ya zo. A cikin uwar ya buɗe abin da masu sana'ar ke kira bututu. Ba na ƙarfe ba ne, wata hanya ce a cikin injin, a zuba rubutu ta wannan bakin, a tare shi ta wancan. Duk akawun da ya gama wasiƙa sai ya danna, ta faɗa bututun, adireshi a gaba, rubutu a baya. Shirin da ke tarewa kuwa in ya ga adireshi ya san sabuwar wasiƙa ta fara, duk abin da ya biyo baya na mai wannan adireshin ne har sai wani adireshin ya bayyana. Da hannunsa ya rubuta wannan shirin, kuma shekara guda cur ba wanda ya kawo ƙara.

Babban akawunsa Malam Shitu ne, wanda ya yi ritaya daga kotu bayan shekara talatin yana buga tafireta. Dukan madannai yake yi kamar mai sussuka.

"Baba Akawu, a hankali mana, wannan ba tafiretar kotu ba ce."

"Injiniya, abin da ba ya jure duka ai ba kayan aiki ba ne. Ka sayo mai ƙashi."

Haka suke yini, kuma tsofaffi sun fi son teburin Shitu, don shi ba ya cewa a taƙaita.

To, a Fassi ta ƙasar Kibiya akwai wani dattijo, Malam Gwadabe. Manomi ne, yana kuma jan wuridi a masallacin unguwarsu tun kafin a haifi Halliru. Ɗansa namiji ɗaya ne, Abdurrahim. Yaron ya je birni ya yi sabon karatu, irin shekarun nan da kowa ke muhawarar addini har a bakin rijiya. Wata rana bayan la'asar, a gaban jama'a, ya ce wa ubansa wannan zaman da suke yi ba shi da asali. Da a ɗaki ya faɗa, da ta wuce. Malam Gwadabe ya dube shi ya ce, "Daga yau kada ka sake kira na uba, ni ma ba zan kira ka ɗa ba." Abdurrahim ya kwashi kayansa. Aka ji yana Kano, aka ji yana Jidda yana ɗinki. Shekara bakwai ba wanda ya nemi wani. Ƙanwarsa Humaira ce kawai ke da adireshinsa, a wata 'yar takarda da take ɓoyewa a ƙasan kwalla.

Da daminar 2005 ƙafafun dattijon suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya sunkuya. Ya san abin da jikinsa ke gaya masa. Ran kasuwar Rano sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, riƙe da takardar Humaira. Shagon cike yake, tebur huɗu duk da mutane. Ya jira har Shitu ya samu sarari.

"Rubuta. Zuwa ga Abdurrahim."

"In sa ɗana?"

"Rubuta yadda na ce."

Sai ya fara gaisuwa. Kun san tsofaffinmu, ba sa faɗa wa magana kai tsaye, ballantana magana mai nauyi. Sai an zagaya gida kaf. Ya gaishe shi, ya ce Humaira na gaishe shi, da mijinta, da 'ya'yanta huɗu, kowa da sunansa da abin da ya iya yanzu. Ya faɗi waɗanda suka rasu a shekara bakwai ɗin nan, ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka kai kowa. Ya faɗi waɗanda suka yi aure. Ya faɗi ranar da ruwa ya sauka, da gonar da gero ya yi kyau, da wadda tsutsa ta ci, da katangar da ta zube, da rijiyar da aka yashe.

Shitu ya ɗaga kai. "Malam, saura awaki."

"Su ma rubuta. Jar akuyar da uwarsa ta bari, jikarta ta haifi biyu."

Aka yi dariya har teburin gefe. Dattijon bai yi ba. Da ya ga babu sauran wanda zai gaisar, sai ya shiga murza carbi. Can ya ce Shitu ya matso da kunnensa, ya rage murya.

"Rubuta. Ɗana, ni ƙarfina ya ƙare. Maganar da na faɗa maka a ƙofar masallaci na janye ta, ban kwana da ita da daɗi ba ko sau ɗaya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Ka yi karatunka yadda ka fahimta. Ka zo in gan ka kafin a yanke dawa, don ban ga alamar zan wuce nan ba. Allah ya yi maka albarka. Wassalamu, ni ne ubanka."

Shitu, mutumin da ya buga hukunci iri-iri bai ko ƙifta ido ba, ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Sannan ya danna.

A daidai wannan lokacin, a teburin gefe, wani akawun ya gama layi uku zuwa ga Alhaji Mato, ɗan kasuwar Rano da ke Kwatano, ƙaninsa na sanar da shi motar masara ta taso. Shi ma ya danna.

Bari in gaya muku abin da ya faru a cikin injin, abin da ba wanda ya gani a shagon. Zuciyar tsarin, wadda ake kira kanal, ita ke kula da bututu, kuma tana da alkawari ɗaya tak a kansa. In rubutun da ka zuba a zubi ɗaya bai wuce bayit dubu huɗu da casa'in da shida ba, ku ɗauka kusan harafi dubu huɗu ke nan har da sararin da ke tsakanin kalmomi, to zai wuce a dunƙule, ba wanda zai ratsa tsakiyarsa. In ya wuce haka, babu alkawari. Ana iya karɓar na farko, a ce sauran ya dakata bututu ya samu wuri, kuma kafin ya samu, wani ya riga shi shiga. Wasiƙun matasa ba sa kai ko rabin wannan adadin. Ta Malam Gwadabe kuwa gaisuwa kaɗai ta cinye shi. Gaisuwar ta shige, layi ukun Alhaji Mato suka biyo da adireshinsu a gaba, sannan sauran maganar dattijon ta biyo baya. Shirin da ke tarewa ya yi abin da aka koya masa. Gaisuwa ta tafi Jidda. Kiran uba ga ɗansa ya tafi Kwatano, a ƙarƙashin labarin masara.

Duk ran kasuwa Malam Gwadabe na zuwa, ya zauna a bencin ƙofa bai tambayi komai ba. A mako na uku amsa ta zo. Halliru ya buga ta, Shitu ya karanta.

"Zuwa ga Malam. Na ga gaisuwa, ina amsawa. A gaishe da Humaira da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abdurrahim."

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Shi ke nan? Juya bayan takardar."

"Babu komai a baya, Malam."

Dattijon ya juya wajen Halliru. "Yaro, ka tabbata duk ta je?"

Halliru ya leƙa allon uwa, ya ga an rubuta an tura, ya ga ranar da lokacin. Bai buɗe wasiƙar ba, don yana ganin karanta sirrin mutane ba nasa ba ne, kuma gaskiya bai ga dalili ba. "Malam, ta je. Ga shi har ya amsa. Injin nan bai taɓa yi mini wasa da wasiƙar kowa ba."

Shitu ya ce, "A sake rubuta masa, Malam. Wannan karon ni zan ƙara nawa a ƙasa, ɗan banza mai taurin kai."

"Kada ka zage shi. Kuma ba za a sake ba. Irin wannan maganar sau ɗaya ake faɗarta."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, aka taimaka masa ya hau babur. Bai ƙara zuwa Rano ba. Ana tsakiyar yankan dawa ya rasu, ranar wata Talata. Humaira ta aiko da layi biyu a tura Jidda: "Baba ya rasu. Ba sai ka zo ba." A Fassi kuwa magana ta zama ɗaya, tun daga masallaci har ɗakin mata, cewa tsoho ya sauke girmansa ya roƙi ɗansa gafara, ɗan ya amsa masa da a gaishe da yara. Uwaye har misali suke yi da shi in suna yi wa 'ya'yansu faɗa.

Ana saura kwana huɗu babbar Sallah Alhaji Mato ya dawo daga Kwatano. Ya shigo shagon yana ƙamshin turare, da dariyarsa tun daga ƙofa.

"Injiniya! Ashe injinka har lahira yake kaiwa? Babana shekara ashirin da rasuwa, sai ga shi ya aiko wai in zo kafin a yanke dawa. Na ce to, Baba, bari in sauke masara tukuna."

Ya zaro takarda daga aljihu, ya ce ya ajiye ta ne musamman don ya tsokane shi. Halliru ya karanta bai gane ba, ya miƙa wa Shitu. Shitu ya karanta layin farko, sai ya nemi kujera da hannu kamar makaho.

"Inna lillahi. Halliru, wannan ta Malam Gwadabe ce."

Ranar ce aka fara jin Shitu ya kira shi da sunansa. Alhaji Mato ya tsaya baki buɗe, ya ce wallahi shi ya ɗauka wani ne ya yi kuskuren adireshi, da ya ga suna ko gari da ya nemi mai ita. Babu suna a ciki kuwa, sunayen duk suna ɗaya rabin.

Halliru ya sallami mutane tun kafin azahar, ya rufe ƙofa. Ya buɗe abin da aka tura Jidda, ya sa injin ya ƙirga. Dubu huɗu da casa'in da shida cif, har da layin adireshi, ta tsaya a kan labarin akuya. Ya buɗe bayanin bututu da ke cikin injin, wanda ya taɓa karantawa a Kano. Ga adadin nan a rubuce, ga sharaɗin, cikin wani sakin layi mai Turanci mai wuya, irin waɗanda yake tsallakewa. Gyaran kuwa, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama shi. Ya sa kowace wasiƙa ta riƙa zama a mazubinta ita kaɗai, sunan mazubin kawai ke bi ta bututu. Yana gamawa ya kifa kai a kan tebur.

Shitu ya ce, "Ka gyara?"

"Na gyara."

"To ka bar ta a nan. Mamaci ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Alhaji ba zai faɗa ba, ni ba zan faɗa ba. In ka buɗe baki, babu tsohon da zai ƙara kawo maka sirrinsa, kuma kana da iyali."

"Baba, a Fassi fa ana tsine wa mutum."

"Laifin inji ne."

"Injin ya faɗa, ga shi a rubuce. Ni ne ban karanta ba. Kuma Malam ya tambaye ni da bakinsa."

Shitu ya ce, "In za ka Fassi, ka biyo ta gidana. Ni na buga ta, ni zan shaida."

Washegarin Sallah suka hau babur ɗin Halliru zuwa Fassi. Suka yi la'asar a masallacin da Malam Gwadabe ya daɗe yana jan wuridi, ana sallamewa Halliru ya miƙe ya nemi a ba shi minti biyar. Bai yi musu zancen bayit ba. Ya ce ya yi wa akawu huɗu ƙofa ɗaya, ƙofar kuma tana da iyakar kayan da take wucewa da su a ɗaure, shi bai kula ba. Ya ce kayan Malam sun fi ƙarfinta, sai suka rabu biyu, rabi ya je wa ɗansa, rabi ya je wa wani. Shitu ya karanta musu rabin da ya je Jidda, ya nuna inda ya tsaya.

Wani tsoho, Malam Alu, aminin mamacin, ya ce, "Tsaya, yaro. Wato Abdurrahim bai ga neman gafarar ba?"

"Bai gani ba, Baba."

"Bai san ubansa ba shi da lafiya ba?"

"Bai sani ba. Gaisuwa kaɗai ya gani."

"Shi kuma Gwadabe ya tafi yana ganin an ƙi shi."

"Haka ne. Kuma ya tambaye ni, na ce masa ta je."

Ba wanda ya zagi Halliru, ba wanda ya ce ya kyauta. Malam Alu ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, mu ma bakinmu bai zauna ba. Aka aika wa Humaira. Daga zaure suka jiyo kukanta, ba irin na ranar mutuwa ba, wani ne daban, tana cewa ita ce ta ce masa ba sai ya zo ba.

Abin da Shitu ya hango ya faru. Kafin wata ya zagayo tsofaffi sun daina kawo wasiƙa, daga Tarai har Saji labari ya kai cewa injin Halliru na raba magana biyu. Sauran kuma wayar hannu ta zo ta ƙarasa a 'yan shekaru. Amma kafin nan, a daren ranar da suka dawo daga Fassi, Halliru ya tura wa Abdurrahim rabin da ya ɓata, da bayanin komai, ya sa sunansa a ƙasa. Mako shida babu amsa.

Sai wata safiya wani mutum ya tsaya a ƙofar shagon da 'yar jaka a kafaɗa, doguwar riga fara, idanu ja. Shitu na ganinsa ya ce goshin Malam Gwadabe ne sak. Aka ba shi kujera, aka kawo ruwa bai sha ba. Ya ce daga filin jirgi ya wuto nan, bai je gida ba tukuna.

"Wane ne Halliru?"

"Ni ne."

Ya dube shi, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya ga irin fuskar. Halliru ya ce daga baya da mutumin ya mare shi da ya fi masa sauƙi.

"Da aka karanta masa amsata, me ya ce?"

Shitu ya fara kame-kame, wai Malam mutum ne mai haƙuri. Halliru ya katse shi. Ya faɗi komai yadda ya faru, da a sake karantawa, da a juya bayan takarda, da tambayar da aka yi masa da amsar da ya bayar. Ya faɗa masa kuma cewa da aka zage shi, uban ya hana.

Abdurrahim ya sa hannu ya rufe fuska. Da ya sauke sai ya ce, "Na karanta ta ya fi sau ashirin. Ina neman inda ya ce ɗana, ban gani ba. Na ga kuma babu sallama a ƙarshe, babu albarka. Baba bai taɓa rufe magana babu sallama ba, ko da wanda suka yi faɗa ne. Na lura da haka sarai. Sai na ce da gangan ya yi, don in san matsayina. Layi ɗaya ne, in ce wasiƙar kamar ba ta ƙare ba. Ni ma girman kai ya hana ni."

Halliru ya ce, "Ka yafe mini."

"Ban san ko ni ke da ikon yafe wannan ba. Nawa dai na yafe." Ya miƙe, ya gyara jakarsa, ya tsaya a ƙofa yana kallon titi kamar baƙon da bai taɓa zuwa garin ba. "Shekara takwas. Ko inda aka sa shi ban sani ba. Motar Kibiya har yanzu a tasha ake hawa?"

Halliru ya ɗauki makullin babur ɗinsa daga kan tebur.

"Taho in kai ka. Na san wurin."